Ƙattai Biyar Sun Kunyata Ni Gaban Masu Gadi

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Sunana Malam Nuhu, ina koyar da yaran Hausawa a garin Al Rayyan, nan ƙasar Larabawa, ranar Juma'a. Ina goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita. Kullum misalina ga yara shi ne ƙattai biyar da ke jeruwa a gaba su kare mai jefa ƙwallo. Nakan ce, "Ku zama kamar su, ku tsare ɗan'uwanku ko ba a yaba muku ba."

Makon jiya na gayyaci iyayen yaran kallon maimaicin wasa, yawancinsu kuwa masu gadi ne. Ana farawa abokan hamayya suka ratsa ƙattan nan kamar ƙofar kasuwa, suka kwantar da mai jefawa. Ya tashi, suka sake kwantar da shi.

Baba Iliyasu, mai gadi a unguwar Asian Town, ya ajiye shayinsa. "Malam, da waɗannan ɗana zai yi koyi? Na hagun nan ko katin shaida bai tambaya ba! Da ni ne, da tuni kafil, uban gidana, ya ce khalas, aiki ya ƙare, in haɗa kayana."

Na ce rauni ya yi musu yawa bana. Ya ce ba zai sake kawo yaron ba sai an canza misali.

Jama'a, ku ba ni shawara: in bar ƙungiyar, ko in jira su gyaru? Kafin nan dai, don kada ajina ya watse, Juma'ar nan Baba Iliyasu zai ba da darasin. Ya ce in zo da katina, in ba haka ba, a waje zan tsaya.