Garin Soumaïla

A tashar bas ta tsakiyar birnin Greensboro, a Amurka, wata tsohuwa 'yar Nijar ta ji wani mutum yana waya da Hausa, sai ta matso kusa da shi.

"Ɗana, wace mota ke zuwa Garin Soumaïla? Duk direban da na tambaya sai ya girgiza kai."

Mutumin ya yi dariya. "Mama, ai Bature bai san wannan sunan ba. Glenwood za ki ce. Mu ne muka laƙaba wa gidajen hayan nan sunan marigayin."

"Ka san shi?"

"Ni Josiah, mutumin Jos, a falonsa na fara kwana a Amurka, kuma bai taɓa tambayar addinina ba. Shi ya fara zama a can, kowane baƙo wurinsa yake sauka. Shi ne shugabanmu, shi ne alƙalinmu."

"A wajenmu, sai wanda ya haƙa rijiyar farko ake kiran gari da sunansa."

"Rijiya kam bai haƙa ba. Amma tukunyarsa ba ta taɓa sauka daga kan wuta ba."

Tsohuwar ta gyara mayafi. "A Maradi ko bulo ɗaya bai aza ba. Har ya rasu ina fushi da shi, ina cewa yawon banza ya tafi."

"Mene ne haɗinku, Mama?"

"Yayarsa ce ni. Ni na goya shi."

Josiah ya miƙe, ya cire hula, ya ɗauki jakarta. "Taso, Mama, ga motarmu. Zo ki ga gininsa. Mu ne bulon."