Jar Masara a Injin Niƙa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Tanimu Tela, Limancin Kona, birnin Zariya.

Bana cibiyar binciken noma ta jami'a ta kawo mana sabon irin masara, cuɗe da jan maganin ƙwari. Malamanta sun ja kunnenmu cewa na shuka ne, ba na ci ba. Maƙwabcina ya ce wanki zai fitar da maganin. Ya wanke, ya watsa wa kajinsa, kafin la'asar duk sun mutu.

Yau da safe na ga wata mata a injin niƙa da irin wannan masarar, jan bai gama fita ba. Kafin in yi magana ta shige lungu da garinta, ban kuma san gidanta ba.

Don Allah Malam, karanta wannan yanzu, kafin a tuƙa tuwo.