Yadda Muka Sake Wakilin Unguwarmu

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirin wasiƙu. Ni ne Sale mai goro, daga unguwar bakin kogi a nan Garwa.

Tun da aka fara zaɓen majalisar gari, Alhaji Buba muke kaiwa, domin dattijo ne mai amana. Zaɓe bayan zaɓe, ba mu taɓa sake shi ba. Amma a majalisa Faransanci ake yi, shi kuwa ba ya ji. Bara sai muka ga famfon da aka yi mana alkawari ya tafi wata unguwa. Muka je muka tambaye shi. Ya ce, "Wallahi 'ya'yana, na ga kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Ashe ruwanmu na bayar!" Muka yi dariya har da hawaye, amma matanmu suka ci gaba da ɗibar ruwan kogi.

Da zaɓe ya matso, Alhaji da kansa ya ce a sa sunan Malam Piyer a maimakon nasa, malamin makaranta mai jin Faransanci, Kirista daga ƙauyukan kan duwatsu. Wasu suka yi gunaguni. Alhaji ya ce, "Ruwa kuke so ko rawani?" Ranar zaɓe shi ya fara jefa ƙuri'a, muka bi bayansa.

Malam Piyer ya ci zaɓe, ya shiga majalisa, ga shi yau kwana uku muna shan ruwan famfo. Masu sauraro, ku ba mu shawara: wace irin karramawa ta dace da wannan dattijo?

Ina gaida abokina Hamadu na kasuwar Maruwa.