Sabuwar Shugabar Auta Ba Ta Son Gaisuwa

Auta: Sashen ƙorafi ne na kamfanin kayan lantarki. Mece ce matsalar?

Inna: Salamu alaikum. Auta? Kai ne?

Auta: Inna! Wa alaikumus salam. Ya aka yi kika kira layin ofis?

Inna: Taka wayar kullum a kashe, sai na ga wannan lambar a jikin kwalin fankar da ka kawo mini. Ya aiki?

Auta: Lafiya.

Inna: Ya amaryarka? Ya ɗan jikan nawa, haƙoran sun fito?

Auta: Sun fito.

Inna: Ya maƙwabcin nan naka mai tari?

Auta: Inna, don Allah...

Inna: Ikon Allah! Ni ke gaishe ka, kai kana jefo mini amsa ɗaya ɗaya. Halo? Layin ne ya lalace ko tarbiyyar?

Auta: Yi a hankali, ana jin mu.

Inna: Wa? Manajan nan mai tumbi? Ba shi wayar mu gaisa.

Auta: An mayar da shi sito. Na'ura suka kawo, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan. Ita ke sauraren duk wayar da muka ɗauka, ta ba mu maki. Gaisuwa a wajenta ɓata lokaci ce. Ko banɗaki ka je sai ta rubuta.

Inna: Subhanallahi! Ba ta da uwa ne?

Auta: Ba ta da. Ni kuma gargaɗin ƙarshe nake kai, wai na cika tambayar mutane ya gida. In ta sake kama ni, aikin ya tafi.

Inna: Kai da har tsofaffi ke kira su ce sai kai za a ba su? To in kashe?

Auta: A'a! In mutum ya kashe bai ba da maki ba, ɗauka take ya yi fushi. Ki yi kamar kin kawo ƙorafi, ni kuma dole in karanta amsar da ta rubuto mini a allo.

Inna: Ƙorafi? Ai ina da shi. Rubuta: ina da wani kaya da na daɗe ina wahala da shi, kwanan nan ya daina magana.

Auta: Muna ba da haƙuri bisa wannan matsala. Ko kin gwada kashe shi ki sake kunnawa?

Inna: Da yana ƙarami da 'yar bulala nake kunna shi. Yanzu ya yi gemu.

Auta: Ko kayan yana ɗaukar zafi?

Inna: Sosai, halin ubansa ne. Halo? Kana ji na?

Auta: Ina ji. Ta ce... ta ce in ya tsufa ki dawo da shi a ba ki sabo.

Inna: Oho! Ka ji mai hankali! Ce mata a ba ni mai gaisuwa.

Auta: Inna, allon ya fara yin ja. Yanzu ki danna biyar a wayarki, ma'ana kin gamsu.

Inna: Ban gamsu ba.

Auta: Inna!

Inna: In yi ƙarya da furfurata? Ka gaishe ni yadda na koya maka, sannan in danna.

Auta: In na gaishe ki ta rage mini maki!

Inna: In ba ka gaishe ni ba kuma ni in rage. Zaɓi wadda ta goya ka.

Auta: Wayyo Allah... Ina wuni, Inna?

Inna: Lafiya lau, ɗan albarka.

Auta: Ya ƙafar Baba?

Inna: Yauwa! Da sauƙi, jiya har ya taka zuwa bakin titi. Abin da na kira in faɗa maka ke nan. Ita kuma baiwar Allah da ke laɓe, sannu da aiki, a riƙa sassauta wa yara.

Auta: Alhamdu lillahi. To danna, Inna, danna!

Inna: Tsaya, ban ga tabarauna ba. Duk maɓallan kamarsu ɗaya. Wannan babban ne na gefe?

Auta: Wane launi ne?

Inna: Ja ne, kyakkyawa, irin na allon naku.

Auta: A'a, Inna, kar ki taɓa j...