Gajeriyar Kalma

A bencin ƙofar ɗakin jarrabawar Turanci, wata tsohuwa na jiran jikarta, wadda wannan ce damarta ta ƙarshe ta shiga jami'a. Wani ma'aikacin wurin ya zauna kusa da ita.

"Kwantar da hankalinki, Iya. Rubutun da aka ba su bana mai sauƙi ne, na'ura ce ta auna mana."

"Da me ta auna?"

"Tsawon kalmomi. Gajeru sauƙi, dogaye wuya."

"Haka kuka ce bara! Yarinyar da ta haddace dogayen kalmomin kimiyya, 'yan guntaye suka kayar da ita. To, ɗana, a ce na ce maka jikata ta sha. Me nake nufi?"

"Ta sha me? Ruwa?"

"Ko kaye, ko wuya, ko da ƙyar. 'Yar mitsitsiyar kalma, a harshen da ka tashi da shi, ga ka kana zare ido!"

Ƙofa ta buɗe. Jikar ta fito tana share gumi.

"Kaka, na sha!"

Tsohuwa ta ƙura wa jikar ido, ta kasa gane wace sha ce. Ma'aikacin ya raɗa wa tsohuwa, "Ta sha me?"

"Je ka tambayi na'urarka," in ji ta.