Ƙanƙarar da Tauraron Ya Gani

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma tsintarsa na yi a ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, ina fake da littafina.

Wata mata ce rungume da hular matuƙin jirgin sama, sai wani dattijo ya zauna kusa da ita.

"Ta maigidanki ce, 'yata?"

"Ta ƙanena ce, Baba, ya rasu. Aikinsa shi ne ya kutsa cikin gajimare da ƙaramin jirgi, ya auno ƙanƙarar ciki, a gwada da abin da tauraron ɗan'adam ya faɗa. Ƙanƙara ta daskare a fukafukan jirgin, ya faɗo. Tauraron banzan nan ne ya yaudare su."

"Allah ya jiƙansa. Amma kar ki ɗora wa ƙarfe laifi."

"To fa! Kai ne lauyansa?"

"Ran nan gaskiya ya faɗa, ya nuna ƙanƙara mai kauri. Shekara goma yana zuzuta awo, shi ya sa aka saba rage masa kashi ɗaya cikin uku kafin a ce matuƙi ya tashi."

"Wa ya rage?"

"Haka dai ake yi a ofishin hasashen yanayi."

"Baba, ko mu danginsa ba a gaya mana wannan ba. Kai a ina ka ji?"

Dattijon ya zura wa hular ido. "Sau biyu ƙanenki ya tambaye ni ko na tabbata da awon."

Na rufe littafina a hankali, na sulale kafin ɗayansu ya ɗago kai.