Garmar Mama Monica

Mai girma shugabar taro, iyayenmu masu unguwanni, malaman coci da na masallaci, iyayena mata, jama'ar Zuru, barkanmu da rana. Na gode da aka ba ni minti biyar. Sunana Glory Sila, ni ke rajistar kayan wannan baje kolin sana'ar mata. Bara na gama karatu, ban taɓa magana gaban taro ba, ku yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya Alhamis, goma ga Maris, 2005, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, Mama Monica ta garin Manga ta miƙa mini zane yadi uku. Kakin mijinta, sojan da ya rasu shekara tara ke nan, ta yanka, ta ɗinka hoton mace tana huɗa da garma. Na auna, na rubuta, na rataye.

Yau da safe na tarar macen tana nan, garma babu. An warware zaren, an ɗinka mata tsintsiya a hannu. Sawun allura yana nan, ku zo ku duba.

Wani ɗan kwamiti ya ce mini huɗa aikin maza ne, kada mu ji kunya in an kai kayan Birnin Kebbi. Kunya! Shekara tara Mama Monica tana huɗa ita kaɗai, ba wanda ya ji kunya ya kama mata. An ci dawarta, ba a ji kunya ba. Sai da ta sa a zane ya zama abin kunya? Tafin hannu ba ya rufe rana.

Da na kai ta ta gani, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗiyata, wannan duƙawar huɗa ce. Mai shara ta buɗe ƙafa haka, ai mahaukaciya za a kira ta."

Jibi za a kai zanen Birnin Kebbi da sunanta a jiki, kuma sai na sa hannu cewa aikinta ne. Ba zan sa ba, ko za a karɓe rajistar, sai an mayar mata ta gyara da kanta.

Ga abin da ban sani ba. Ban san wanda ya ba da umarni ba. Ban san wanda ya riƙe almakashi ba. Ban san inda aka jefar da ƙyallen garmar ba, ko an taɓa sauran zannuwa arba'in da ɗaya. Kuma ban sani ba ko za ta yarda ta sake ɗaukar allura.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.